Kwana huɗu a Bankok ni da iyali, ta ina zan fara?

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema gurin waɗanda suka taɓa zuwa Tailan, musamman Bankok. Ni kayan waya nake sayarwa a Farm Centre kuma tun da nake ban taɓa fita waje ba in ban da Umara da na yi sau ɗaya, ita ma a cikin ayari ne, komai yi mana ake. Tun kafin aurenmu na yi wa maiɗakina alƙawarin duk ranar da Allah Ya hore zan fita da ita ta ga duniya, shekara uku kenan tana haƙuri ba ta taɓa tuna min ba, to bana Allah Ya ɗan buɗa kuma ina so in cika. Mun tsayar da Disamba in sha Allah saboda ita malamar makaranta ce sai lokacin hutu. Kwana huɗu cur za mu yi banda ranar sauka da ranar tashi, yaronmu a gurin Hajiyata zai zauna.

Abin da muka rubuta ni da ita: fadar sarkinsu, kasuwar nan da ake ciniki a cikin kwalekwale, tsohon garin Ayutthaya, kasuwar Chatuchak, bakin teku a Pattaya ko Phuket, sannan tana son ganin giwaye an ce a Chiang Mai suke. Shin kwana huɗun zai ɗauka? Wace unguwa ya kamata mu sauka, ya maganar abinci don an ce min alade ya yi musu yawa, ya masallaci, kuma mace mai dogon hijabi za ta sake ko za a dinga kallonta? Sai biza, wani ya ce min in bari sai saura sati biyu. Na gode, Allah Ya bar zumunci.

Alhaji Na-Kwari:

Wa alaikumus salam. Yaro Allah Ya yi maka albarka da ka riƙe alƙawarin iyalinka. Ni na daɗe ina zuwa garin nan sarin kaya, to ka saurare ni da kyau.

Wanda ya ce maka ka bar biza sai saura sati biyu bai taɓa nema ba. Mu 'yan Najeriya sai da biza, kuma kafin bizar sai ka kawo takardar wankewa ta hukumar NDLEA, kai da matar kowa da tasa, ita kaɗai wannan takardar tana cin lokaci don akwai masu tsaya maka da za ka kawo da bincike da za su yi. Ofishin jakadancin Tailan a Abuja yake, yanzu kuma ta intanet ake cika neman bizar, za su nemi tikitin zuwa da dawowa da shaidar otal da bayanan asusunka na banki. Ka fara yau, kada ka jira ko sati mai zuwa. Sai katin rigakafin shawara, wannan ruwan ɗorawar, in babu shi kada ma ka tafi filin jirgi, don in kun sauka a filin jirginsu na Suvarnabhumi kafin ku shiga layin buga fasfo sai kun fara biyawa ta teburin jami'an lafiya sun duba katin, mutanenmu da yawa sukan bi dogon layi sai sun zo gaba a ce su koma. Akwai kuma katin shiga ƙasa da suka mayar na intanet tun Mayun 2025, ana cika shi cikin kwana uku kafin sauka, kyauta ne, kada wani ya karɓi kuɗinka a kai. Daga nan Malam Aminu Kano kana iya bin Ethiopian ta Adis Ababa ko Qatar ta Doha, ba sai ka je Legas ba.

Abu na biyu kuma shi ya fi komai: kada ka karɓi saƙon kowa. Ko ƙullin yaji ne, ko wanda ya ba ka abokin cinikinka ne na shekara goma, in ba a gabanka aka buɗe aka ɗaure ba ka ba shi haƙuri. Ƙasar nan ba sa wasa da maganar ƙwaya kuma akwai 'yan ƙasarmu da suka tsufa a gidajen yarinsu. Haka ma a dawowa.

To yanzu jerin naka. Ka ɗauki biro ka soke Phuket da Chiang Mai. Chiang Mai kusan kilomita 700 ce a arewa, kamar ka sauka Kano ka ce da la'asar za ka leƙa Ilorin ka dawo, Phuket kuma ta fi haka nisa a kudu, kowacce sai an sake hawa jirgi, kwana huɗun naku a filin jirgi da ɗaure jaka zai ƙare. Pattaya kusa ce, awa biyu a mota, amma ni ba zan kai iyalina ba, in dare ya yi garin ba na mutumin kirki ba ne. Bankok ita kaɗai ta ishe ku, wallahi ba za ku ga rubu'inta ba.

Masauki ka nemi Pratunam. Ita ce Kwarin garin, nan 'yan Afirka suke sari, akwai otal na kowane aljihu, akwai Platinum mai hawa-hawa duk sutura da jakunkuna da takalma, ga dogon benen Baiyoke da za ku hau sama ku ga gari gaba ɗaya da daddare. Jirgin ƙasa na filin jirgi yana tsayawa a tashar Ratchaprarop, daga nan da ƙafa ma ka isa, kuɗinsa bai wuce bat 45 ba, bat shi ne kuɗin ƙasar, amma in kuna da manyan akwatuna ga gajiya gara tasi, ka bi layin tasi na hukuma a ƙasa, mita za a kunna sai ƙarin bat 50 na filin jirgi da kuɗin babbar hanya. Masallacin Darul Aman yana Phetchaburi Soi 7, soi lungu kenan da yarensu, kuma lungun duk masu abinci Musulmi ne, nan nake Juma'a in ina gari.

Kuɗi, ka je Wapa ka sayi dala 'yan ɗari-ɗari sababbi marasa tabo ko yagewa, su suka fi daraja a gurin canji. A filin jirgi ka canja kaɗan na mota kawai, sauran a cikin gari gurin irin su SuperRich, da fasfonka a hannu don sai sun gani. Kada ka dogara da katin naira, in ma ya yi aiki injinsu yana cire sama da bat 200 duk cira ɗaya.

Tunda matarka malama ce zan ba ka wani guri da baƙi 'yan uwanmu ba su cika zuwa ba, gidan Jim Thompson, kusa da tashar jirgin ƙasa ta National Stadium. Ba'amurke ne da ya farfaɗo da sana'ar silikin Tailan bayan yaƙin duniya na biyu, ya haɗa tsofaffin gidajen katako guda shida ya yi gida ɗaya a bakin rafi, a 1967 ya fita yawo a Maleshiya ba a sake ganinsa ba har yau. Abin da ya ja ni can shi ne masaƙan da suka yi masa aiki Musulmi ne, unguwarsu Ban Krua tana tsallaken rafin daidai gidan, har yanzu akwai masallatai da ɗan ragowar saƙar. Ni ɗan yadi ne, da na tsaya a kan mai saƙar nan sai da na tuna marinar Ƙofar Mata da yadda muka bar tamu ta lalace.

Maman Hanif:

Slm. Yaya Ɗan Gwale ka ce wa Antin ta kwantar da hankalinta, ni da dogon hijabi har ƙasa na yi kwana shida a garin ba wanda ya ɗaga kai ya kalle ni, ga Larabawa ga 'yan Maleshiya da Indunusiya ga su kansu Musulmin ƙasar, har masu niƙabi na gani a Nana. Abin da kawai zan ce ta bar masu kaurin nan a gida ta ɗauki marasa nauyi masu shan iska, don Disamba su a gurinsu sanyi ne amma ba irin hunturunmu ba ne, zafi ne mai gumi kamar na Legas, kina fitowa daga otal jiki ya jiƙe. Da takalmi mara tsini wanda ake zarewa da sauri, tafiyar ƙafa ce ba kaɗan ba kuma gurare da yawa sai an cire takalmi.

Abinci shi ne ya fi ba ni tsoro kafin mu tafi kuma gaskiya a yi hattara, ba naman kaɗai ba ne, romon taliyarsu sau da yawa na ƙashin alade ne ko da kaza aka ɗora a sama, wani lokacin man suyar ma haka. Alade sunansa mu da yarensu, maigidana ya haddace mai sai mu wato kada a sa alade, amma ni ban natsu da hakan ba tunda tukunya ɗaya ce, sai muka tsaya gurin masu tambarin halal ko inda na ga mai girkin da ɗankwali ko hula. Tambarin kore ne mai kusurwa huɗu a tsaye da rubutun Larabci a ciki, majalisar Musulunci ta ƙasar ce ke bayarwa, ko a 7-Eleven ki juya leda za ki gan shi a jikin biskit da madara da taliyar leda, kuma shagon nan ko'ina akwai shi dare da rana.

Ku ci khao mok gai, dafa-dukan shinkafa ce da kaza mai kurkum, ta Musulminsu ce kuma ita ta fi kusa da bakinmu, kullum sai na ci. Akwai miyar massaman mai dankali da gyaɗa da madarar kwakwa ba ta da yaji sosai. Tom yum kuwa tsami da yaji ne da jatan lande, ni ta yi min maigida bai iya ba. Sai shinkafa mai danƙo da mangwaro da madarar kwakwa, wayyo, har yau ina gwadawa a gida ba ta fitowa daidai. In bakinku ya gaji ku hau jirgin ƙasan nan mai bi ta saman titi ku sauka Nana, Sukhumvit Soi 3 da lungun da ke kusa da shi duk gidajen abincin Larabawa ne, mandi da gurasa da gasasshen rago kamar kina Makka, sai dai ku ci ku bar unguwar da wuri don gefenta da daddare ba kyan gani. Kada ku sayi ɗan itacen nan durian ku shiga da shi otal ko jirgin ƙasa, an hana saboda warinsa. Kilishi da dambun nama ma kada ku ɗauka, ba sa yarda a shiga da nama ba takarda.

Sallah ba matsala, manyan kantunan nan irin MBK da Siam Paragon da ICONSIAM duk akwai ɗakin sallah da gurin alwala, filin jirgi ma akwai, kuma banɗakunansu yawanci da ɗan tiyon tsarki, abin ya burge ni.

Kasuwar kan ruwa kuwa ni dai ban ga abin da na je yi ba. Damnoen Saduak wajen kilomita 100 ce daga gari, mun tashi tun asuba, muka je kwalekwale na karo da kwalekwale duk baƙi ne irinmu kowa da waya a sama, kayan tsarabar kuma iri ɗaya ne da na cikin gari sai tsada, ga abincin ba na cinmu ba, muka dawo la'asar a gajiye wuni ya tafi. In ruwa take so ku hau jirgin ruwan haya na kogin Chao Phraya mai tuta ruwan lemo daga Sathorn, ƙasan tashar Saphan Taksin, bai kai bat 20 ba lokacin da muka je, ku zauna gefe iska na kaɗa ku kuna kallon gari ta ɓangare biyu, in da hali ku dawo dab da magariba lokacin da ake kunna fitilu. Wannan ya fi min komai a tafiyar. Chatuchak kuma Asabar da Lahadi take ci sosai, ku je da safe wajen tara kafin rana ta buɗe, ta ninka Sabon Gari a rikitarwa, duk abin da ta gani ta so ta saya a take don wallahi ba za ku sake gane shagon ba, ni wata jaka na ce bari mu zagayo har muka baro kasuwar ban sake ganinta ba.

Abu Sumayya:

Salam. Ban taɓa zuwa ba amma akwai abin da ya tsaya min a rai kuma ba don in ɓata wa kowa shiri ba ne. Duk hotunan Bankok da nake gani gidajen gumaka ne, shi kansa fadar sarkin an ce akwai gunki a ciki da suke girmamawa. Ya halatta Musulmi ya biya kuɗinsa ya ɗauki iyalinsa ya shiga irin gurin nan? Ɗan'uwa ka tambayi malamai kafin ka tafi, kada a je neman nishaɗi a dawo da abin da ya fi shi nauyi.

Injiniya Tarauni:

Malam Abu Sumayya tambayarka a kan hanya take, ni ma na yi ta lokacin ina karatu a Maleshiya muna tsallakawa hutu. Ni ba malami ba ne ba zan ba da fatawa ba, Ɗan Gwale ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun a nan gida. Abin da zan iya shi ne in faɗi yadda gurin yake don tambayar ta tafi daidai. Fadar an fara gina ta a 1782, shekarar da Sarki Rama na ɗaya ya mai da Bankok babban birni, kuma gidan bautar Wat Phra Kaew, inda ɗan koren gunkin yake, a cikin katangar fadar yake, tikiti ɗaya ne bat 500 kuma hanyar baƙi ta harabarsa take bi kafin a fita ɓangaren gine-ginen sarauta. Amma shiga ainihin ɗakin da gunkin yake ba dole ba ne, ba mai tilasta maka, ba mai cewa ka rusuna ko ka kunna turare, ni a waje na tsaya na kalli aikin gini da zanen bango na wuce. Wat Pho da ke bayan fadar shi kam abin da ake zuwa gani gunki ne a kwance mai tsawon mita 46, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar shi bai yi asarar komai ba. Wat Arun kuma a tsallaken kogi yake, hasumiya ce da aka lulluɓe da fasassun tangaran, daga cikin jirgin ruwa ma ka gan ta sarai ba sai ka taka ba. A fadar suna da tsanani kan sutura, ba gajeren wando ba buɗe kafaɗa, mu wannan ba damuwarmu ba ce. Ƙarfe 8:30 suke buɗewa, 3:30 su daina sayar da tikiti, ku kasance a ƙofa tun buɗewa kafin manyan motocin baƙi su iso.

Kuma garin ba na gumaka kaɗai ba ne. Akwai masallatai fiye da ɗari a Bankok. Masallacin Haroon yana Charoen Krung Soi 36 kusa da kogi, tsohuwar unguwar Musulmi ce mai ƙananan lunguna kamar cikin Gwale, ranar Juma'a bayan an sauko ana baje abinci. Ton Son a tsallaken kogi tun zamanin Ayutthaya yake, ya girmi fadar ma. Sai Bang Luang wanda aka gina da fasalin ginin ƙasar, in ba ka ga koren rufin ba ba za ka ce masallaci ba ne. Wani abu da zai ba ka mamaki, alƙibla a can yamma take da ɗan karkata arewa, mu da muka saba cewa fuskantar gabas, ranar farko sai ka ji wani iri, ka sa manhajar alƙibla a waya ko ka duba silin ɗin ɗaki ko cikin durowa wasu otal suna manna kibiya.

A kan Ayutthaya ni zan roƙa kada a soke ta. Kilomita 80 ce kawai, jirgin ƙasa na zuwa da araha, ita ce babban birninsu sama da shekara 400 har sojojin Bama suka ƙone ta a 1767, yanzu kufai ne na jan bulo, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991. Malamar makaranta za ta so gurin. Akwai Musulmi sosai a garin tun zamanin da fatake daga Farisa da ƙasar Malayu suke zuwa ciniki, abincin halal ba wahala, ku nemi roti sai mai, sukari ne aka ja shi siri-siri kamar zare ana naɗe shi a cikin lallausan fanke, Musulmin garin aka sani da shi. Giwayen ma da take so akwai su a nan, ku kalla ku ba su abinci, hawan dai ni ban so shi ba don na ga yadda ake bi da su da ƙugiya. Kufan dai yawancinsu tsofaffin gidajen bautarsu ne, shi ma a sa shi cikin tambayar malam.

Sai abin da zai iya jefa baƙo a matsala. Sarkinsu ba a taɓa shi ko da wasa, doka ce mai ɗaurin da ya kai shekara 15, kai ɗan Kano ka san girman sarauta to nasu ya wuce nan, hotonsa na jikin kuɗi don haka in kuɗi ya faɗi iska na ja kada ka take da ƙafa. Takwas na safe da shida na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa, in ka ga kowa ya tsaya kai ma tsaya. Sigarin lantarki haramun ne a dokarsu. Mota ta hagu suke bi, gurin tsallaka titi ka fara duban dama, ka riƙe hannun Madam. Tasi ka ce mita, daga bat 35 take farawa, wanda ya ƙi ka sauka ka tare wata ko ka kira mota ta manhajar Grab. Tuk-tuk ɗan'uwan A Daidaita Sahu ne sai dai ya fi gudu da ƙara kuma baƙo ya fi tasi tsada a ciki, ku hau sau ɗaya don marmari bayan kun yi ciniki. Ni an taɓa yi min, dab da fadar wani mutum tsaf-tsaf da Turancinsa ya tare mu ya ce yau a rufe take ana biki sai azahar, ya haɗa mu da mai tuk-tuk zai zagaya da mu a bat 20, ashe shagon duwatsun ado da na teloli za a kai mu a matsa mana mu saya, safiyarmu ta tafi a banza alhali fadar a buɗe take. Duk wanda ya ce maka a rufe take ka yi masa murmushi ka ƙarasa ƙofa ka gani da idonka.

Ɗan Gwale:

Kai jama'a na rasa bakin godiya, Allah Ya saka da alheri Ya biya buƙatu. Baba Alhaji gobe da safe in sha Allah zan fara maganar takardar NDLEA, ban ma san da ita ba wallahi. Malam Abu Sumayya na ji, zan samu malaminmu bayan karatun Lahadi in kai masa yadda Injiniya ya zayyana. Maman Hanif na ba ta wayar ta karanta da kanta, ta ce a gaishe ki, ta haƙura da kasuwar ruwan amma jakar da ta kuɓuce miki ta tsaya mata a rai. Mun soke Phuket da Chiang Mai da Pattaya. Ga yadda muka gyara: mu sauka Alhamis, Juma'a da sassafe fada sai mu bi jirgin ruwa zuwa Haroon mu yi Juma'a, da yamma gidan Jim Thompson da Baiyoke. Asabar Chatuchak. Lahadi Ayutthaya. Litinin sayayya a Pratunam da MBK don ina so in ga kasuwar wayarsu, Talata mu taso. Ya kuka gani?

Alhaji Na-Kwari:

Ya yi kyau amma Juma'ar ka cika mata kaya. Sun riga mu da awa shida, takwas na safensu biyun dare ne a jikinka, ga kwanan jirgi, ba za ku tashi ku kai ƙofar fada 8:30 ba, in ma kun kai a gaggauce za ku gani kuna duban agogo don azahar ɗinsu a Disamba sha biyu da 'yan mintuna ce. Ku yi barcinku ranar, ka taka Darul Aman ka yi Juma'a ku ci abinci a lungun, da la'asar gidan siliki, da daddare ku hau Baiyoke. Fadar ka mai da ita Litinin da safe, in kun fito ku bi jirgin ruwa ku sauka kusa da Haroon ku yi azahar ku ci abinci, sayayyar Pratunam kuma tunda a nan kuke kwana kullum da sassafe ko da yamma ku ɗan taɓa, Platinum dai takwas na dare ta rufe. MBK ka bar wa daren Litinin.

Ka karɓi katin otal mai adireshi da rubutunsu ka sa a aljihu, ita ma ka ba ta ɗaya da 'yan kuɗi a jakarta ko da cunkoson Chatuchak zai raba ku, kuma ku sayi layin waya biyu tun a filin jirgi. Ranar tashi daga biyar na yamma titi ba ya motsi, in jirginku na dare ne ku bar otal da wuri ko ku bi jirgin ƙasa daga Ratchaprarop. In bizar ta fito ka yi min magana, akwai mai abinci a Soi 7 da zan kwatanta maka, miyar jelar sa take yi.